Shinkafar Gwaggo a Ajin Malam Me-Ya-Sa

Ranar da aka kori Gwaggo daga ƙofar makaranta, shinkafarta ko hucewa ba ta yi ba. Maigadi aka aiko. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce Darakta ya ce ta kwashe kayanta, yara sun kwanta da amai da gudawa, iyaye sun cika ofis, kuma kowa ya ce abincinta ne. Ta tambaye shi wane ne kowa. Ya ce shi dai aiko shi aka yi.

Gwaggo ta daɗe a ƙofar nan. Cikin iyayen da suka cika ofis akwai waɗanda suka ci shinkafarta tun suna da majina a hanci. Rumfarta ba wata aba ba ce: kwanon rufi a kan sanduna, da benci, da tebur mai gajeriyar ƙafa, da bokitin wanke hannu wanda ba ta yarda yaro ya tsallake shi ya karɓi faranti. Amma da rumfar nan take riƙe da gida. Mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Jikoki suna gabanta tun rasuwar 'yarta. Wata sana'a ba ta iya ba. Ta rufe kuloli, ta ɗora a baro, ta tura gida. Ran nan maƙwabta suka ci shinkafa kyauta har suka ture, ba kuma wanda cikinsa ya ko yi ƙugi.

Darakta shi ne mai makarantar. Mutum ne mai son a ce ya ɗauki mataki. Ya tsaya gaban iyaye ya ce ya ɗauki mataki, suka watse suna yaba masa. Ba wanda ya tambaya ko an kai abincin an auna. An sami tsohuwa a bakin ƙofa, magana ta ƙare.

Da ta ƙare ɗin kuwa, ba don Malam Me-Ya-Sa ba.

Malamin kimiyya ne na aji uku a ɓangaren sakandare. Da can mutum ne kamar kowa: ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya zauna ya danna waya. Sai aka tura shi bita lokacin hutu. Ya dawo da takardar shaida, da jaka mai tambari, da sabon baki. Ya ce hadda aikin aku ce, shi yanzu tunani mai zurfi yake koyarwa. Ya zana tsani a kwali ya manna a bangon aji. A ƙasa ya rubuta hadda, sama da ita fahimta, haka haka har can ƙoli, inda ya rubuta auna hujja da yanke hukunci. Mutanen da suka haƙa rijiyoyi suka gina garuruwa ba wanda ya zana musu tsani, amma a wurin Malam, kafin bitar nan ba a taɓa yin tunani a duniya ba.

Daga nan ya daina ba da amsa. Yaro ya ce bai gane ba, sai ya ce me ya sa kake ganin ba ka gane ba. Wani ya nemi izinin fitsari, ya ce me ya sa. Yara suka laƙaba masa sunan. Da ya ji sai ya ɗauka yabo ne, har yana ba matarsa labari.

Kujerar mataimakin shugaban makaranta ta daɗe babu kowa a kai, idon Malam kuma yana kanta. Ya roƙi Darakta ya zo ajinsa ya ga sabon salo da idonsa. A bita an ce musu a riƙa ɗauko misali daga rayuwar yara, abin da ke da zafi a bakinsu. Babu abin da ya fi ciwon cikin nan zafi. Ga kuma amsa a hannu, Darakta da kansa ya riga ya bayar da ita. Zai bar yara su hau tsani da ƙafarsu, su iso inda ya ajiye musu. Tun a gida ya rubuta sakamakon a wani kwalin da manyan baƙaƙe, wai abincin bakin titi ne ke kawo cuta. Ya naɗe, ya ɗaure da roba, don ya warware a ƙarshe a yi tafi.

Ranar darasi aka ja tebura aka haɗa su rukuni-rukuni, don a bita an ce tunani ba ya zuwa in yara suna jere. Aka ɗauko wa Darakta kujerarsa mai juyi daga ofis aka ajiye a baya. Ya zauna, ya ɗora waya a tumbi. Malam ya rubuta tambaya a allo: me ya kawo ciwon ciki a makarantarmu? Ya juyo, ya gyara wuyan riga.

"Ba na son hadda yau. Hujja nake so. Kada ku yarda da magana don babba ne ya faɗe ta, ko da ni ne."

Darakta ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

Yara sun san abin da ake so, ba yau suka fara zaman aji ba. Wannan ya ce ƙuda. Wancan ya ce ƙurar titi. Wata ta ce mai yiwuwa shinkafar kwana ce, alhali ta san ƙarya take yi, tukunyar Gwaggo ba ta kai la'asar. Malam yana rubutawa yana murmushi. Da a nan ya warware kwalinsa, da kowa ya tashi lafiya. Amma ga mai kallo a baya, ƙolin tsani kuma ba a taɓa shi ba. Sai ya ce, to, ta yaya muka sani?

A ajin akwai wata yarinya da ake kira Lauya, don ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ko a gida an haƙura da ita. Ta ɗaga hannu. Ta ce ai abin mai sauƙi ne, tunda ga masu ciwon nan a zaune. Waɗanda suka kwanta su koma wajen taga, waɗanda ba su kwanta ba su koma wajen ƙofa, sannan a ga su wa ke cin abincin Gwaggo.

Malam ya kusa yin rawa. Ya nuna ta da alli, ya ce aji su ji, wannan shi ne nazari, yarinya ta haye ta bar su a ƙasa. Ya saci kallon Darakta. Ya ce a tashi.

Aka rabu da hayaniya da jan kujeru. Lauya ta tsaya a tsakiya kamar ita ce malamar, ta ce mai cin shinkafar Gwaggo ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a wajen taga. Suka tashi a wajen ƙofa ma, har sun fi yawa. A gaban 'yan ƙofa kuwa ga Tulu, ya ɗaga hannu biyu. Tulu shi ne yaron da Gwaggo ke ajiye wa ƙanzo. Yakan ci nasa, ya ci ragowar abokai, ya tsaya a kankare masa tukunya. Aji ya fashe da dariya.

"Tulu, kai ko murɗawa cikinka bai yi ba?" in ji Lauya.

"Ni yunwa ce ta dame ni tunda aka kore ta."

A wajen taga kuma akwai wadda hannunta ke ƙasa. Gimbiya ake ce mata, don da kula take zuwa daga gida, ba ta taɓa zama a bencin Gwaggo ba, ko kallonsa ba ta yi. Ita ce kuma wadda aka ƙara wa ruwa a asibiti, har lokacin da filasta a bayan hannunta.

Murmushin Malam ya fara bushewa. Mai hankali a nan zai ce lokaci ya ƙure. Amma baki ya saba, tambayar ta fito da kanta. Ya tambayi Tulu me ya sa yake ganin shi bai kamu ba. Tulu ya ce uwarsa ta ce cikinsa injin niƙa ne. Aka sake dariya. Lauya ba ta yi ba. Ta tambaye shi in ya gama ci, da me yake korawa. Ya jawo wata ƙatuwar gora daga jaka, ya ce daga gida yake cikowa, shi ba zai iya tsayuwar layin famfo ba. Ta juya wajen Gimbiya. Gimbiya ta ce gorarta ta fashe a satin da abin ya faru, sai ta riƙa sha a famfo kamar kowa.

Ba wanda ya ba da umarni. Wani daga baya ya ce mai shan famfo ya ɗaga hannu. 'Yan taga kaf suka ɗaga. A wajen ƙofa sai ɗaiɗaiku, su ma suna kallon juna.

Ruwan famfon daga tanki yake saukowa. Tankin kuwa abin alfaharin Darakta ne. Yana can a kan ƙarafa bayan azuzuwa, hotonsa na jikin allon makaranta a bakin titi, kuma duk uban da ya kawo ɗa sai an kai shi ya ɗaga kai ya gani. Wani yaro ya ce ai murfinsa ya daɗe da faɗowa, yana bayan banɗaki, ƙanana na zama a kai. Wata ta ce dama ruwan yana wani wari, ta ɗauka hancinta ne. Wani ya ce kullum tantabaru na jere a bakinsa. Idanu suka koma bayan aji. Darakta ya ajiye waya.

Gumi ya karyo wa Malam. Ya ce kowa ya koma mazauninsa. Ya ce abin da suka yi yana da kyau, amma hasashe ne, aji ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba, ɗaga hannu kuma ba kimiyya ba ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai mai faɗarta bai ce a je a tambayi sauran azuzuwa ba. Ya cire roba, ya warware kwali, ya manna a allo. Ya ce ga abin da bincikenmu ya nuna, kowa ya kwafa.

"Malam," in ji Lauya, "ai da wannan ka shigo a naɗe."

"Zauna."

"Kai ka ce ko kai ne kada mu yarda."

"Na ce ki zauna."

Ta zauna. Ba a yi tafi ba. Darakta ya tashi ya fita, ya bar kujerarsa tana juyawa.

A ofis bai ɗaga murya ba. Ya bar Malam a tsaye, ya tambaye shi ko gayyatarsa ya yi don a yi masa shari'a a gaban 'ya'yan mutane. Malam ya rantse gwaji ne kawai, yara ne suka zaƙe. Darakta ya ce wanda ya kwance shi zai ɗaure. Malam ya ce an gama, yallaɓai. A bakin ƙofa ya ɗan juyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ko za a sa a ɗan leƙa tankin, don kawar da zargi.

Darakta ya dube shi kamar ya ga sabon mahaukaci. Ya ce duk wanda ya hau tankin nan, daga titi ana hango shi. Gobe iyaye su zo su ce me ake wankewa, alhali an ce musu cuta ta tafi a baro. Ya ce a bari sai hutu. Ya ce ai ciwon ma ya ragu. Ya ragu ɗin, don manyan yara sun fara zuwa da gora. Ƙananan firamare ne ba su ji labari ba. Suna ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ana cewa ragowar shinkafar ce ba ta gama fita ba.

Washegari Malam ya mayar da tebura a jere. Ya cika allo, aka kwafa. Ya yi jarrabawa a kan darasin, duk wanda ya rubuta ruwa ya soke masa da jan biro. Lauya ta rubuta ruwa, ta ja layi a ƙarƙashi. Ya ba ta sifili, ya rubuta a gefe wai ta riƙa zurfafa tunani.

Maganar yara ba ta kwana a aji. Uwar Lauya maƙwabciyar Gwaggo ce, ta kan katanga ta ba ta labari. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta sa aka maimaita mata wajen Tulu. Kafin nan ta gwada kai abinci tasha, matan da suka riga ta suka kore ta. Ta gwada bakin kasuwa, aka ce ai ita ce mai shinkafar da ta kwantar da yara. Duk inda ta nufa, sunan ya riga ta isa. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Malam.

Ta same shi da yamma a tsakar gida yana wanke babur. Ya ba ta kujera, ya gaishe ta da ladabi, don shi ma a bencinta ya riƙa ci kafin ya yi aure. Matarsa ta kawo ruwa. A kan taga Gwaggo ta ga sababbin goruna an wanke an kife, ƙanana, irin na 'yan firamare. 'Ya'yan Malam a makarantar suke. Ta dube su, ta kau da kai.

Ta ce ba ta zo da dogon zance ba. Ta ji abin da ya faru a ajinsa. Abin da take so kawai, ya faɗa wa iyaye abin da idonsa ya gani.

Malam ya matse soso. Ya ce maganar tana da faɗi. Ya ce sai an fara tambaya, me ake nufi da gani? Ya ce hujja hawa-hawa ce. Ya tambaye ta, ita a nata tunanin, me ya sa take ganin ruwa ne.

"Ɗan nan, ni ba ɗalibarka ba ce. Yara sun tsaya gida biyu a ajinka ko ba su tsaya ba?"

"Sun tsaya, Gwaggo."

"Mai kankarar tukunyata ya kwanta?"

"Bai kwanta ba. Amma a ilmance..."

"To shi ke nan abin da za ka faɗa."

Ya ce ta duba, yana da iyali. Ta tambaye shi ko ita duwatsu take ciyarwa. Ya ce ta yi haƙuri, zai san yadda zai yi. Ta miƙe, ta yi wa matarsa godiyar ruwa, ta ce gorunan sun yi kyau, Allah ya raya masu su. Matar ta sunkuyar da kai. Shi ya ci gaba da goge taya.

Ya kuwa san yadda ya yi. Ƙishin-ƙishin ɗin tanki ya fara yawo tsakanin iyaye, har wani uba, bakanike, ya zo ofis yana tambaya. Malam ne ya kawo dabara, Darakta ya karɓa kamar tasa. A maido da Gwaggo. A ce makaranta ta yafe mata don tausayi. Sharaɗi ɗaya: ta tsaya a taron safe, gaban yara da wakilan iyaye, ta amsa laifi ta ba da haƙuri. In mai shinkafa ta ce shinkafarta ce, wa zai ƙara ɗaga kai ya kalli tanki? Malam ya fita yana jin ya yi aikin lada. Tsohuwa ta koma rumfarta, Darakta ya huta, shi kuma ya fita da kitse a baki. Tunani mai zurfi ke nan.

Shi aka aika da saƙon. Gwaggo ta ji saƙon tsaf. Daga ɗaki mijinta yana kiran a juya shi. Ƙaramar jikar tana zaune tana lasar cokali a bakin murhun da ba a hura ba. Gwaggo ta shiga ta juya mijin, ta gyara masa matashi, ta fito ta ce to.

Da yake ba ta karatu, sai aka sa Malam ya koya mata abin da za ta ce. Ya zauna a tabarmarta yana faɗa tana maimaitawa, in ta sauya kalma ya ce a'a, a koma farko. Mutumin da ya ce hadda aikin aku ce bai tashi ba sai da ta haddace tsaf. Har ya yaba mata, ya ce kanta yana ja.

Ranar taro ta sa zanenta na fita. Ta shigo ta ƙofar da ta tsufa a bakinta ba ta taɓa wucewa ciki ba. Rumfarta na nan, ƙura ta rufe benci. Maigadi ya raka ta. Hanyar filin taro ta gaban famfo ta bi, kuma ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna. Ƙananan yara sun yi cincirindo a wurin, masu jakar da ta fi su girma, suna tara hannu suna sha, ruwa na bin haɓa yana jiƙa riga. Wata 'yar mitsitsiya ba ta kai ba, yayarta ta ɗaga ta. Gwaggo ta tsaya. Maigadi ya ce ta taho, ana jira.

Aka jera yara. Wakilan iyaye suka zauna a inuwa. Darakta ya karɓi makirufo ya yi dogon jawabi a kan tsabta da yafiya. Ya sanar cewa daga yau Malam ne mataimakin shugaban makaranta, saboda sabon salon koyarwa da ya kawo. Aka yi tafi. 'Yan aji uku suka tafa jefi-jefi kamar masu kashe sauro. Sannan aka kira Gwaggo.

Ta riƙe makirufo da hannu biyu. Ta faɗi abin da aka koya mata, ba ta tsallake kalma ba. Ta ce ita ce ta yi sakaci. Ta ce abincinta ne ya cutar da yara. Ta roƙi gafarar iyaye, ta gode wa Darakta da ya tausaya mata. Malam yana gefe, leɓensa na motsi tare da nata. Da ta kai ƙarshe shi ya fara tafi. Rumfa ta dawo hannunta. Abin da ya rage kawai ta miƙa makirufo ta sauka.

Darakta ya miƙo hannu. Ba ta saki ba.

"Wannan ita ce wadda aka koya mini," ta ce. "Saura tawa. Yara, kada wanda ya ƙara shan famfon can. Iyaye, ga tanki nan, ku hau ku gani."

Aka zare waya daga lasifika, amma magana ta riga ta fita. Fili ya kaure da surutu. Darakta yana cewa tsufa ne, a yi mata uzuri. Malam yana ɗaga hannuwa yana cewa a nutsu, kada a yanke hukunci ba hujja. Bakaniken nan ya miƙe. Ya cire takalmi ya nufi bayan azuzuwa, yara suka bi shi. Ya kama ƙarfe ya hau. Ya leƙa, ya kau da fuska, ya tofar da yawu. Ya zura hannu ya ɗago abin da ya rage na wata tantabara, ya riƙe ta a fiffike don kowa ya gani. Ya ce ba ita kaɗai ba ce.

Kafin ya sauko Darakta ya sami bakin magana. Ya ce dama ya lura, har ya yi magana da masu wankin tanki, Malam shaida ne. Malam ya ce ƙwarai, hasali ma ajinsa ne ya fara gano haka ta hanyar nazari, wannan shi ne amfanin sabon salo. Wasu iyayen suka gyaɗa kai. Mutane suna son a ba su abin da za su gyaɗa wa kai su tafi aiki. Aka rufe famfo, aka yi alkawarin murfi, aka kaɗa ƙararrawa. Lauya ta tari sabon mataimaki a hanya ta tambaye shi ko za a gyara mata sifilinta. Ya ce an riga an shigar.

Ba wanda ya ce a ba Gwaggo haƙuri. Wata uwa ma cewa ta yi, to ai da bakinta ta amsa, mai yiwuwa duka biyun ne. Darakta ya ce maganar ciwo daban, maganar rashin kunya daban. Matar da za a yi wa alfarma ta tozarta hukuma a gaban yara ba ta da wurin zama a ƙofarsa. Ya ce kafin a tashi daga makaranta kada ya ga rumfar.

Maigadi ne ya hau benci da guduma ya ɓalle kwanon. Gwaggo tana tsaye a rana tana karɓa tana jinginawa a katanga.

"Da kin yi shiru, Gwaggo, da gobe war haka kina zuba abinci."

"Na sani."

Ya tambaye ta ina za ta kai kayan. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ya sauko, ya tattara ƙusoshin da ya zare zai zuba a aljihu. Ta miƙa hannu.

"Ba ni su. Ba na makaranta ba ne."

Ya zuba mata a tafi. Ta zauna a bakin titi, ta ɗauki dutse, ta fara miƙar da waɗanda suka lanƙwashe.